Gurasar Jakara

Jama'a, in kun shigo Kano, kar ku tsaya a manyan gidajen abinci kawai, ku gangara Jakara. Jiya da yamma na ga wata baiwar Allah tana manna ƙullun gurasa a jikin tanderu da hannunta, ga zafin wuta, ko gezau ba ta yi. Da ɗuminta na saya, na miƙa wa mai bandashe a bakin layi. Ya yayyafa mata ruwa, ya barbaɗa garin ƙuli, ya kwarara man gyaɗa, ya yanka albasa a kai.

"Malam, a ƙara yaji?"

Na ce ƙara mana!

Abin da ke damuna shi ne tsadar fulawa. Gurasar sai ƙanƙancewa take yi, matan nan kuwa da ita suke riƙe gidajensu.