Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yinin da Na Yi a Zamalek

A makon jiya na tsaya ne a inda na gama shekarar farko ta karatu a Alƙahira. To, cikin wannan hutun ne wani babban ɗalibi da muke kira Yaya ya dube ni ya ce, "Kai yaro, tun da ka zo daga ɗaki sai aji, sai masallaci. Gobe shirya, zan kai ka ka ga inda masu kuɗin garin nan suke kwana."

Zamalek unguwa ce a arewacin tsibirin Jazira, tsakiyar kogin Nilu. Da ƙafa muka shiga ta gadar Ƙasrun Nil, wadda aka buɗe a 1933, mai zakuna na tagulla biyu a kowane baki. Muna sauka sai hayaniyar gari ta ragu. Manyan itatuwa sun yi wa tituna rumfa, ga ofisoshin jakadanci da tutocinsu, kowane gida da mai gadi zaune a ƙofa yana bin mai wucewa da ido.

Mun wuce gidan wasan Opera da Japan ta taimaka aka gina, aka buɗe a 1988 bayan tsohon ya ƙone a 1971. Mun ɗaga kai mun kalli Hasumiyar Alƙahira, mai tsawon mita 187, wadda aka kammala a 1961 zamanin Jamal Abdul Nasir. Ba mu hau ba, aljihun ɗalibi ne.

Inda muka daɗe shi ne gaban otal ɗin Marriott. Tsakiyar ginin tsohuwar fada ce. Khedive Isma'il, mai mulkin Masar a lokacin, shi ne ya gina ta don saukar baƙin bikin buɗe mashigin Suez a 1869, musamman Eugenie, matar sarkin Faransa Napoleon na Uku. Yaya ya jingina da shinge ya ce, "Ka ga wannan ƙawar? Da bashi aka yi ta." Gaskiyarsa. Isma'il ya yi ta ciyo bashi daga bankunan Turai har ya kai ga sayar wa Ingila hannun jarin Masar na mashigin a 1875. A 1879 aka tuɓe shi, a 1882 kuma sojojin Ingila suka mamaye ƙasar. Nan kusa, a filin da ke cikin lambunan fadar, aka kafa kulob ɗin wasanni na Jazira, inda hafsoshin Turawa ke sukuwa da wasan polo. Wato dai baƙon da aka share wa wuri shi ya zo ya gaje gidan. Har yau kulob ɗin yana nan, kuma ba kowa ke shiga ba.

Abin da ya ba ni dariya kuwa na ƙwallo ne. Na je da zaton zan ga ƙungiyar Zamalek a unguwar da take ɗauke da sunanta. Ashe hedikwatarta tana can Mit Uƙba, ɓangaren Giza. Babbar abokiyar hamayyarta, Al Ahly, da aka kafa a 1907, ita ce ke zaune a tsibirin.

Da la'asar muka bi titin Abul Fida, bakin ruwa, inda gidan mawaƙiya Ummu Kulthum yake a da. Bayan rasuwarta a 1975 aka rushe shi, aka dasa dogon bene mai otal. Wannan kam bai yi mini daɗi ba: gari ya adana fadar mai cin bashi, ya bari aka rushe gidan matar da duk duniyar Larabawa ke saurare.

A hanyar komawa ne Yaya ya shaida mini cewa zai bar Masar, kuma yana so in karɓi aikin fassarar da yake yi wa wasu 'yan kasuwa. Yadda muka kwashe da su, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.