None the wiser: ƙullin ya kwance

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu fama da Turanci. Shirina na wannan wata shi ne in gama da wakilan suna na korewa, wato nobody, nothing, neither da none, sannan in shiga babi na gaba. Har yau ban shiga ba. None ce ta riƙe ni, sai daren jiya ta sake ni, kuma wallahi farin cikin da nake ciki ba ya misaltuwa.

Rigimar is da are ba ta ci mini lokaci ba. A sakandare an dasa mana cewa none tilo ce, dole is ta biyo ta. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo ya nuna duka biyun daidai ne idan sunan da ya biyo none of jam'i ne, sai dai is ta fi zama a rubutun hukuma irin na Ingila. In abu ne da ba a ƙirgawa, kamar ruwa, to is kaɗai. Mai shirin rubuta WAEC, shawarata ya tsaya a kan is. Ƙamus ɗin nan na hannu na saya, amma sai da na zube N9,000, kuma har yanzu in na tuna sai na ji zafin kuɗin.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan jimla: "He left the meeting none the wiser." Kowace kalma na san ta, amma haɗuwarsu ta ƙi ba ni ma'ana. Babu wa? Kuma me the take yi a gaban wiser, alhali mun san the da wisest take tafiya, wiser kuwa than take nema? Na haddace ta da ka, na rubuta a takarda na manna a bango, amma da na ci karo da "none the worse" sai na koma gidan jiya. Haddar abin da ba ka gane ba ba ta zama a kai, kuma takaicin ya kai ga na rufe littafin na kwanaki.

Ashe none ɗin nan ba wakilin suna ba ce ma. Aikin bayanau (adverb) take yi, ma'anarta "ko kaɗan". Ita kuma the ba wadda muka saba sa wa suna a gaba ba ce, ragowar wata kalma ce ta tsohon Turanci mai nufin "da wannan gwargwado", irin wadda ke cikin "the more, the merrier". Da na haɗa su sai hanya ta buɗe: taron bai ƙara masa sani ko kaɗan ba, ya tashi bai ƙaru da komai ba. "None the worse" kuwa, abu ya faru da mutum amma ko ƙwarzane bai yi ba. Sai kuma idona ya faɗa kan nonetheless, kalmar da na yi shekaru ina sawa a wasiƙa: none, the, less, ginin nan ne aka dunƙule wuri guda. Ni da kaina na hango wannan, ba wanda ya nuna mini, kuma ina alfahari da hakan.

Ku lura "none the wiser" tana da fuska ta biyu. In aka ce "Put it back and she'll be none the wiser", ana nufin ba za ta ma san an taɓa ba.

Sauran sun zo da sauƙi. "Second to none" yabo ne, ba shi da na biyu. "None too happy" na nufin ransa a ɓace yake sosai, duk da kalmomin sun yi laushi. "None other than" ita ce ba kowa ba ne illa wane. "None of your business" kuwa ta fi ba ruwanka kaifi, don Allah kada ku furta ta ga babba ko malami.

Yanzu neither da nor ne a gabana, musamman wane aikatau ake sawa idan suna ɗaya tilo ne ɗaya jam'i. Wanda ya riga ya ƙetare wurin nan ya taimaka mini da jimlolin da ya yi atisaye da su.