Godiya bayan kare kundina a kan Hod Stuart

Alhamdulillahi. Jiya na kare kundin digirina na biyu a tarihin wasanni a nan Kanada, kwamiti ya amince, saura 'yan gyare-gyare. Saƙonninku sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, ku karɓi wannan a madadinsu.

Godiya ta farko ga malamar da ta duba aikin. Ita ta hana ni sauya batu lokacin da abokai suka sa ni gaba da tsiya, wai Bahaushen da bai taɓa tsayuwa a kan ƙanƙara ba zai rubuta tarihin ɗan wasan hoki, wasan da ake yi da sanda a kan ƙanƙara.

Masu tambayar wane ne mutumin: an haifi Hod Stuart a Ottawa a 1879, ɗan wasan baya ne a zamanin da kowace ƙungiya ke fitowa da mutum bakwai. Ba ya zaman jiran a kawo masa hari. Ɗauko faifan robar da ake bugawa a maimakon ƙwallo yake yi ya ratsa da shi har gaban ragar abokan hamayya. A lokacin manyan wasan a Kanada na ganin karɓar kuɗi abin kunya ne, sai ya tsallaka Amurka, ya buga a Pittsburgh, da Houghton da Calumet, garuruwan haƙar tagulla na jihar Michigan, inda aka kafa gasar ƙwararru ta farko a 1904. Ya yi ta magana a kan albashi da kuma yadda ake dukan juna da sanda alkalan wasa na kallo. A ganina nan ne darajarsa take, fiye da kofi.

Abin da yake kuka da shi bai bar shi ba. A Janairun 1907, yana buga wa ƙungiyar Montreal Wanderers, Alf Smith na Ottawa ya kwaɗa masa sanda a gefen kai har ya suma, magana ta kai kotu. A watan Maris suka ƙwato Kofin Stanley, babban kofin hoki, daga hannun ƙungiyar Kenora. Ranar 23 ga Yuni ya yi tsalle cikin ruwa mara zurfi kusa da Belleville, wuyansa ya karye, yana da shekara 28. Ranar 2 ga Janairu, 1908 aka haɗa wasa tsakanin Wanderers da zaɓaɓɓun taurarin sauran ƙungiyoyi, aka tashi 10 da 7, aka tara wa matarsa da 'ya'yansa biyu sama da dala 2,000.

Labarin wannan wasan na karanta shi ne a tsofaffin jaridu da aka naɗe a fim. Dattijuwar da ke kula da sashen ita ta koya mini juya injin, idan rubutu ya dusashe ta miƙo mini gilashin ƙara girma daga aljihun rigar sanyinta. Na gode mata ƙwarai.

Hajiya, kin ce ba ki san wasan ba amma ba ki fasa addu'a ba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Yaya, ka riƙe gida ba ka taɓa yi mini gori ba. Uwargida, ke kika sha ɗawainiyar yara cikin sanyin nan ina ɗakin karatu har dare. Allah ya saka miki da Aljanna.

'Yan'uwa na nan gari, akwai tuwo da miyar kuka ranar Asabar bayan la'asar, a zo da yara.