Sunan da na kusa sokewa

Jiya da la'asar, bayan rana ta ɗan yi sanyi, ina filin makarantarmu a nan Sakkwato ina zaɓen yara 11 da za su buga mana kurket (wasan da ake bugun ƙwallo da sandar katako) ranar Asabar. Akwai wani yaro, wasa uku a jere, da ya shiga bugu sai abokan karawa su fitar da shi tun kafin ya yi gumi. Har na ɗora biro a kan sunansa.

Sai na hango shi gindin darbejiya shi kaɗai, ba takalmi, ƙafafu sun yi futu-futu da ƙura, yana ta maimaita bugun da na koya masa. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Na tuna ƙungiyar kurket ta Ingila. A 2015 Bangladash ta yi waje da su daga gasar cin kofin duniya tun a matakin rukuni. Duk da haka ba su sauke kyaftin Eoin Morgan ba. Suka jawo sababbin jini irin su Jason Roy, shekara huɗu ana gini, a 2019 suka ɗaga kofin a filin Lord's da ke Landan. Ni kuwa wasa uku kacal har na gaji da ɗan shekara 14?

Na mayar da biro aljihu na kira shi.

"Ɗana, kai ne na uku a jerin masu bugu ranar Asabar."

Ya durƙusa ya ce, "Na gode, Malam," ya koma gindin darbejiyarsa.