Godiya ga Duk Wanda Ya Tsaya Mini

Alhamdulillahi, na dawo gida, kyamarata ma ta dawo, sai dai gilashinta ya tsage. Kun riga kun san abin da ya faru, yadda jama'a suka zagaye ni ina cikin aikina na ɗaukar hoto suna zargina, ba sai na sake tono shi ba, don har yanzu haƙarƙarina bai daina ciwo ba.

Abu ɗaya ne ya ƙi barin raina. Lokacin da aka zagaye ni, wannan na cewa infoma ne, wancan na cewa a ƙwace jakar, sai na hango wani yaro ya sunkuya ya ɗauki rabin bulo. Bakina ya bushe, kalmar shahada ma a zuci na yi ta. Sai ga tsohuwar nan mai ƙosai, wadda ban jima da neman izininta na ɗauki hoton kaskonta ba, ta ratso mutane da cokalin tsamo ƙosai a hannu. Ta damƙi gefen rigata ta ce, "Wannan ɗana ne. Mai son taɓa shi ya fara da ni." Ko sunana ba ta sani ba. Tana nan tsaye, hannunta na rawa, har ƙosan da ke kan wuta ya ƙone ƙurmus, ba ta sake ni ba sai da dattawan wurin suka iso. Inna, Allah Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya shirya miki zuri'a, Ya kai ki Ɗakinsa mai alfarma, Ya sa Aljanna ce makomarki.

Masoya da dama sun ce mini in tsaya kan hoton biki da na taro, in daina yawon lungu. Na san ƙauna ce ta sa. Amma Kadunar da nake so jikokinmu su gani tana wurin maƙeran Panteka da ke mayar da tsohon ƙarfe murhu da injin niƙa, da masu ɗibar yashi a Kogin Kaduna da sassafe cikin hazo, da telolin Kasuwar Barci. Tana wurin tsofaffin ma'aikatan masaƙa a Kakuri, waɗanda suka ga zamanin da masaƙar Kaduna Textiles (KTL), da aka buɗe a 1957, ke cika titi da kekuna idan an tashi aiki. Ko jirgin ƙasa na hau daga Rigasa, idona na kan dattijuwa da ƙullin kayanta a ɗakin jira. In na je Kano kuwa, hannun marinin Ƙofar Mata da shuni ya rine ya fi ja na a kan kowane dogon bene.

Kawuna na Tudun Wada ya ce kada in ambace shi. Kawu, ka yi haƙuri, sai na faɗa: da ciwon ƙafarka ka zo, ka tsaya mini har aka sake ni. Na gode wa limamin unguwar da ya shigar da ni zaurensa, da mai Keke Napep da ya kai labari gida ya ƙi karɓar ko sisi, da lauyan da ya bar aikinsa, da abokan sana'a da suka yi ta yaɗa hotunana don a san aikina ne. Uwargida, ke kam Allah kaɗai zai biya ki.

Akwai 'yan'uwa na jini da Keke ɗaya zai kawo su ƙofar gidana, amma ko "ya jiki" ban ji ba. Wataƙila uzuri ne ya riƙe su.

Masu tambayar katin hotunan, yana nan lafiya, ba a goge komai ba. Hoton Inna kuwa ba zan saka shi ba sai na koma na sake neman yardarta. Wanda ya kira ban ɗauka ba ya yafe mini, likita ya ce in kwanta. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya zaunar mana da Kaduna lafiya. Amin.