Tarihin Rayuwata (Fita ta 14): Ranar da Na Raka Baba Gidan Mambayya

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda maigidana ya sallame ni da keken ɗinki guda da kusurwar shago a Gwammaja, bayan shekara huɗu ina koyo a hannunsa. Yau kuma labarin wata Asabar ce a ƙarshen shekarar 2010, lokacin da hunturu ya fara busa leɓe.

Kullum ta ƙofar Gidan Mambayya nake wucewa in zan tafi shago, amma ban taɓa leƙawa ba. Mu yaran unguwa mun san gidan Malam Aminu Kano ne, a nan kabarinsa yake, mun kuma san Jami'ar Bayero ce ke riƙe da shi a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. To kalmar jami'ar nan ce take sa ni kau da kai. Sau biyu na zauna jarrabawar shiga jami'a ban samu ba, har na ɗauki duk abin da ya shafi masu digiri na ajiye a gefen da zuciyata ba ta son taɓawa.

Wani malamin jami'ar da nake yi wa ɗinki ne ya zo karɓar shaddarsa, ya ajiye mini takardar gayyata a kan keke. Ya ce, "Tela, ranar Asabar akwai zama da mutanen gari a kan rajistar zaɓe. Ka zo, irinku muke nema." Na ce to Malam, na cusa ta a aljihu don kada ya ga na raina. Da daddare ta faɗo ina cire riga, Baba ya tsinta. Ya sa na karanta masa, ya yi shiru, can ya ce, "Tun ranar da muka binne Malam ban sake taka gidan nan ba. Za ka kai ni." Wato tun watan Afrilun 1983, kafin a haife ni da shekara uku.

Baba ɗan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu ne tun yana saurayi, daga baya ya bi shi zuwa jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi. A ƙasan akwatinsa akwai wani ƙaramin bajo mai hoton mabuɗi da ba wanda ya isa ya taɓa. Ranar kuwa ya maƙala shi a ƙirji. Ni kunya ce ta kama ni, ina ganin za a yi mana kallon mutanen da.

Ɗakin taron mai sunan Sa'adu Zungur ya kusa cika. Na zata zan ga masu kwat da gilashi zalla, sai ga 'yan acaɓa da hulunan sanyi, ga 'yan kasuwa, ga mata sun cika ɓangare guda da hijabansu, ga ɗalibai suna rarraba ruwa. Mai jagorantar zaman ya ce ba lacca aka kira mu ba, kowa ya faɗi abin da ke ransa da harshen da ya iya. Malaman sun ɗan yi bayanin yadda sabuwar rajistar za ta kasance a watan Janairu, da kwamfuta da ɗaukar hoto da dangwala yatsu, sannan aka saki abin magana ya shiga cikin jama'a.

Nan fa aka yi ta. Wani ɗan acaɓa ya miƙe ya ce shi ba zai ɓata yinin nemansa a layi ba, tunda zaɓen 2007 har wanda ya ci, marigayi 'Yar'aduwa, da bakinsa ya ce akwai gyara a cikinsa. Aka tafa masa, har da ni, domin abin da ke raina ya faɗa. Wani ya ce ai yanzu ɗan gida ne a hukumar zaɓe, tunda Farfesa Attahiru Jega ya taɓa shugabantar wannan cibiya kafin ya shugabanci jami'ar. Wata hajiya ta ce ɗan gida ko baƙo, mutum ɗaya ba ya tsare akwatunan ƙasa gaba ɗaya, sai in masu ƙuri'ar sun tsaya an ƙirga a gabansu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba wanda aka ƙwace wa abin magana. Ni da na saba da musun majalisar mai shayi, inda mai ƙarfin murya ke da gaskiya, sai ga farfesa yana rubuta maganar ɗan acaɓa a takarda.

A layin gabanmu akwai wata baturiya da atamfa da ɗankwali da ya karkace. Na raɗa wa wanda ke kusa da ni cewa duk telan da ya ɗinka rigar nan ya ci amanar baƙunta. Sai ta waigo ta ce, "Gaskiyarka, hannun ya matse ni. Ko kai tela ne?" Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Baba ya yi dariya har da tari.

Ashe ɗaliba ce daga ƙasar Poland, a jami'ar birnin Warso ta koyi Hausa, ta zo Kano don kunnenta ya saba da ta bakin mutane. Hausarta irin ta littafi ce, ba ta haɗiye harafi ko ɗaya. Da mai jagoranci ya ce baƙuwa ta faɗa mana yadda abin yake a wajensu, ta fara da gaida dattawa, sannan ta ce ƙasarsu ta taɓa ɓacewa daga taswirar duniya har shekara 123, maƙwabta sun raba ta a tsakaninsu, sai a 1918 ta dawo. Ta ce iyayenta sun girma ana zaɓe amma kowa ya san sakamako tun kafin ya fita daga gida. A 1980 ma'aikatan wurin ƙera jiragen ruwa a Gidansk suka yi yajin aiki, wani mai gyaran lantarki, Lech Walesa, ya ja gaba. Aka kafa dokar soja a 1981, aka tsare shi da dubban mutane. Sai a 1989 gwamnati ta yarda aka zauna a teburi ɗaya, aka yi zaɓe, shekara ta zagayo mai gyaran lantarkin nan ya zama shugaban ƙasa.

Ni dai a lissafina duk bature daga Ingila yake ko Amurka, kuma da wadata aka haife shi. Ban taɓa kawo wa raina akwai farar fatar da aka mulka da ƙarfi ba, balle wadda uwarta ta sha bin layin sayen nama da katin rabo. Baba ya dafa gwiwata ya ce, "Ka ji, ashe su ma suna da talakawa."

Sai kawai na ga ya ɗaga hannu. Na ja gefen rigarsa, ya buge hannuna. Da aka kawo masa abin magana bai kalli malamai ba, ɗan acaɓan nan ya fuskanta. Ya ce, "Yaro, ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ni wata uku na yi a ɗaure saboda an gan ni a wurin lacca. Uwar wannan yaron da ke gefena, sai a 1979 ta fara zaɓen gwamna da shugaban ƙasa, don da can matan Arewa ba su da ƙuri'a, mai gidan nan yana cikin waɗanda suka yi ta faɗa a kan haka. Gwamnan da muka zaɓa a shekarar shi ya soke haraji da jangali. Ni na san ranar da na daina ɓuya in na hango mai karɓar haraji." Muryarsa ta fara rawa, ya nuna wajen da kabarin yake, ya kasa ƙarasawa ya zauna. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci kafin a fara tafi. Shekarata ashirin da huɗu a gidansa, ban taɓa jin zancen ɗaurin nan ba sai a gaban mutum ɗari da wani abu.

Ɗan acaɓan bai sauka daga kan bakansa ba, kuma na ga ƙoƙarinsa. Ya ce, "Baba, Allah ya saka muku, amma ku kun ga mutane, mu me muka gani?" Baba ya ce wannan tambayar ba shi zai amsa ta ba. A haka aka tashi, ba a ce wane ya kayar da wane ba.

A waje baturiyar ta zo ta durƙusa ta gaida Baba, ta tambayi ma'anar mabuɗin da ke ƙirjinsa. Ya tsaya yi mata bayani tun daga kafa NEPU a 1950 har rigimar santsi da taɓo da ta raba PRP gida biyu, tana rubutawa a ɗan littafinta. Ya ce, "'Yata, shi mai lantarkin naku yana raye?" Ta ce yana nan, har an ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1983. Baba ya jinjina kai ya ce, "Shekarar da muka rasa namu." Daga nan ya juyo gare ni ya ce in ba ta kwatancen shago a gyara mata hannun riga, kada in kuskura in karɓi ko kwabo.

Muka tsaya a kabarin Malam muka yi addu'a. A hanyar gida Baba bai ce da ni in yi rajista ba, ni ma ban ce zan yi ba. Ranar Litinin da hantsi ina cikin yanka wani yadi sai ga malamin nan a bakin shago, baturiyar na biye da shi da rigarta a leda. Ya ce akwai wani zaman bayan sati uku a kan matasa da sana'a, kuma sun rubuta sunana cikin masu magana. Na ce, "Malam, ni da ko ƙofar jami'a ban shiga ba?" Ya ce an riga an buga takarda.

Yadda na kwana uku ina haddace jawabi a gaban madubin shago, da abin da ya faru da na hau mumbari na manta shi kaf, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.