Abin da na koya a shagon kayan kyauta

Ƙarshen watan jiya na miƙa makullin shagon da na daɗe ina tsaro a wajen Ƙofar Ƙaura. Masu kira suna tambayar dalili, to ga shi. Waɗanda muka yi zaman kanti tare sun san kayan da ya jawo: ƙwallon gilashin nan mai ruwa a ciki, wanda in an girgiza shi farin ƙyalli ke zuba a kan ɗan gida ko hasumiya tamkar dusar ƙanƙara.

Gab da ƙaramar Sallah Alhaji, mai shagon, ya sauke su kwali-kwali, 'yan China, ya ce a jera su a layin yara kusa da motocin roba da 'yar tsana. Na juya kwalin na nuna masa alamar da ke gefe, fuskar jariri cikin jar da'ira an soke ta, an rubuta 0-3. Na ce, "Alhaji, wannan adon falo ne, gilashin ba shi da kauri, mu kai su wajen agogon bango." Ya ce, "Ciniki na ɗauke ka ko wa'azi?"

Tun asali ba don yara aka yi abin ba. Erwin Perzy, wanda ya shahara da shi a birnin Vienna wajen 1900, maƙerin kayan tiyata ne da ke neman hanyar ƙara wa ƙwan lantarki haske. Ruwan cikin ma ba zalla ba ne, ana zuba masa sinadari don ƙyallin ya sauka a hankali, kuma a wasu ethylene glycol ne, wanda ake haɗa ruwan lagireto da shi. Yana da ɗan zaƙi, yana kuma lalata ƙoda. Ga shi gilashin na tattara hasken rana: a 2008 kamfanin Hallmark ya janye wasu manya daga kasuwar Amurka saboda suna iya kunna wuta in an bar su a rana. Balle mu nan Katsina a watan Afrilu.

Wata Hajiya ta zo sayen goron Sallah na jikarta da ba ta kai shekara uku ba, ta ɗauki mai ɗan gida ja. Na rage murya na ce, "Hajiya, a ɗora a saman kabad, ta riƙa kallo daga nesa." Alhaji ya ji, ya harare ni.

Bayan Sallah sai ga ta da yarinyar a kafaɗa, tafin hannunta naɗe da bandeji, gutsattsarin gilashin cikin baƙar leda. Yarinyar ta buga shi da siminti, ta wawuri ɗan gidan ta kai baki, leɓenta duk ƙyalli, suka kwana asibiti ana duba ko ta haɗiyi ruwan. A gabana Alhaji ya ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, yaron nan ne bai yi miki bayani ba." Baiwar Allah ta ce, "A'a, wallahi ya faɗa mini." Duk da haka kuɗin ɗinki da magani daga albashina aka cire su, aka kuma gaya wa sauran yaran shago wai sakacina ne. Na yafe kuɗin, amma maganar har yau tana cina, don ni kaɗai na buɗe baki tun kayan suna cikin kwali.

Duk mai nema wa ƙaramin yaro kyauta, ya sani yaro da hannu da baki yake gane abu, kuma komai ka ba shi sai ya gwada jefawa. A ba shi ƙwallon roba, littafin hotuna, ko tubalan wasa manya da ba za su shiga maƙogwaro ba. Shi ƙwallon mai ruwa a ciki, ko da na roba ne, yakan tsage ya yi yoyo. Wanda ya kai shekara bakwai ko takwas ana iya ba shi, ya ajiye inda ƙanne ba sa kaiwa, nesa da taga.

Na kuma koyi ƙirga kaya a gaban direban da ya kawo, da rubuta duk bashin da maigida ya ce a bayar da baki.

Kai da za ka maye gurbina, ragowar ƙwallayen gilashin suna kanta ta ƙasa, ɓangaren hagu in ka shigo. Ka mai da su sama ko da za a yi maka faɗa, kuma duk wanda ya ɗauka ka tambaye shi shekarun wanda zai kai wa.